FASHIN BAƘI: Man giya a tsohuwar mota, yaushe ake juye shi, yaushe ake barin sa?

Garin Lambara yana tsakanin Boɗinga da Shagari, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Jega ta nufi Yawuri da Kwantagora. Duk wanda ya tsaya bakin wannan hanya na rabin sa'a zai ga tarihin mota a Najeriya yana wucewa ta gabansa: Golf da Sharan na haya cike da fasinja, J5 ɗauke da buhunan albasa, Hiace, Peugeot 406 ta ma'aikacin gwamnati, da Camry da Accord na samarin da suka tara kuɗi shekara da shekaru. Kusan babu ɗaya a cikinsu da aka saya sabuwa. Yawancinsu sun girmi wasu daga cikin masu tuƙa su.

A cikin irin waɗannan motoci akwai tambayar da ke raba kan kanikawa fiye da kowace: motar da ta daɗe, ta ci hanya mai yawa, kuma ba a san ranar da aka taɓa canza mata man giya ba, shin a juye man ne ko a ƙyale shi? Wani bakanike zai ce maka ka juye yau. Na kusa da shi zai rantse cewa ranar da ka taɓa man, ranar giyar za ta mutu. Kowannensu yana da abin da ya gani da idonsa. Abin da ya rage shi ne a san wace mota kowannensu yake magana a kai.

Tambayar ta ƙara nauyi tun daga 2023. A ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa a kan kusan naira 460 ta haye naira 1,500 a farkon 2024. Giyabos ba a ƙera ta a Najeriya. Duk wadda za a saka wa mota, daga waje ta zo, da dala aka saye ta. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya koma naira 70,000 a Yulin 2024 ba ya da sararin yin kuskure a kan wannan ɓangare na motarsa, haka direban haya da motar ita ce gonarsa.

Aikin da man ke yi

Mutane da yawa suna ɗaukar man giya a matsayin ƙanen baƙin mai, wato abin da ke sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe kawai. A giyar hannu hakan ya yi kusa da gaskiya. A giyar otomatik lamarin ya wuce nan nesa.

A otomatik babu kulocin da direba ke takawa. Tsakanin inji da giya akwai wata rufaffiyar tukunya mai fikafikai a ciki. Inji yana juya fikafikan gefe ɗaya, su watsa mai, man ya tura fikafikan ɗaya gefen. Wato man da kansa ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Bayan haka akwai famfo da ke matsa man ya bi ta wasu siraran hanyoyi da bawuloli, kuma wannan matsin ne ke danne faifan kuloci na ciki, waɗanda kanikawa ke kira faiba, a duk lokacin da motar za ta tashi daga giya ɗaya zuwa wata. Man ne kuma ke kwashe zafi ya kai shi wurin sanyaya, shi ne ke wanke datti. Aiki na ƙarshe shi ya fi wuyar ganewa: dole man ya kasance da santsi daidai gwargwado, kada ya yi yawa har faiba ta riƙa zamewa, kada ya yi kaɗan har ta riƙa kamawa da fizga. Sinadaran da ake zubawa a cikin man don daidaita wannan santsi sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma daga nan rabin matsalolin garejinmu suka samo asali.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara fitar da giyar otomatik da yawa a kasuwa, a cikin Oldsmobile ƙirar 1940. Shi ne kuma ya fito da ma'aunin mai na Dexron a 1967. Har zuwa farkon shekarun 1970 ana haɗa irin wannan mai da kitsen wani katon kifin teku, kafin Amurka ta haramta cinikinsa don ceton dabbar daga ƙarewa, masana suka koma neman madadinsa a ɗakin gwaji. Tun daga lokacin ake ta sauya haɗin, kuma man da ya dace da motar 1985 ba lallai ya dace da ta 2010 ba.

Zafi, lodi da agogon da ba ya faɗin gaskiya

Babban maƙiyin man giya shi ne zafi. An ƙera yawancin giyoyin otomatik su yi aiki man yana wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyos. Injiniyoyin mai suna da wata ƙa'ida ta kimantawa: duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. A yankin Sakkwato zafin iska kaɗai yana haye digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kwalta kuwa ta fi haka. A ƙara da lodin da ya wuce ƙima, da tsaye-tsaye a shingayen jami'an tsaro, da yashin hanyoyin ƙauyuka inda taya ke juyawa mota ba ta gaba, da ƙurar hunturu da ke toshe fuskar lagireto. Littafin motoci da yawa yana da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala. Motar da ke bin hanyar Lambara tana cikin jadawali na biyu kowace rana ta Allah.

A jadawalin wahala, kamfanoni da dama suna sa wa'adin canza man otomatik tsakanin kilomita 50,000 da 100,000, gwargwadon irin giyar da irin man. Ga mai mota a wannan yanki, hankali ya fi kwanciya da adadin farko. Kuma adadin ba shi da nisa kamar yadda yake a kunne: motar hayar da ke cin kilomita 250 a rana, kwana shida a mako, tana haye kilomita 75,000 a shekara guda.

Sai dai lissafin yana buƙatar a san inda aka faro, a nan kuma gizo ke saƙa. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo, Najeriya tana cikin manyan masu saye. Motar da ta biyo ta Legas ko ta Kwatano ba ta zuwa da takardar tarihin gyaranta. Idan daga Amurka ta fito, agogonta mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6, motar da ke nuna 150,000 ta riga ta ci kilomita kusan 241,000. Wannan ma idan ba a mayar da agogon baya ba, abin da kowa ya san ana yi kafin mota ta isa wurin dillali. Saboda haka lambar da ke gaban direba shaida ce mai rauni. Shaidar da ta fi ta ƙarfi tana cikin man.

Akwai kuma maganar da wasu masu karatu za su ci karo da ita a intanet, cewa man wasu giyoyi na har abada ne, ba a canza shi. Mercedes ya faɗi haka a kan giyarsa mai hawa biyar ta tsakiyar shekarun 1990, daga baya ya janye ya sa mata wa'adi. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera giya wa BMW da wasu, ya taɓa ba da shawarar a canza man bayan shekara takwas ko kilomita 80,000 zuwa 120,000 idan motar tana shan wahala, ko da mai motar ya ce ba a canzawa. "Har abada" a bakin kamfani yana nufin tsawon rayuwar da ya tsara wa motar a ƙasarsa. Motocinmu a nan suke fara rayuwa ta biyu bayan waccan ta ƙare.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Bakaniken da ke cewa kada a taɓa tsohon mai ba camfi yake yi ba. Ya ga mota ta shigo gareji da ƙafarta, an juye mata mai, bayan mako guda ta ƙi tafiya. Abin da ya faru a ciki ana iya bayyana shi.

Yayin da faiba ke cinyewa, garinta yana zuba a cikin man. A giyar da faibarta ta kusa ƙarewa, wannan garin da kaurin tsohon man su ne ke ba faifan ɗan kamun da ya rage masa. Idan aka kwashe su aka zuba sabon mai mai santsi, abin da ke ɓoye sai ya fito fili, giya ta fara zamewa. Na biyu, sabon mai yana da sinadaran wanki masu ƙarfi. Idan ya tarar da datti da ya daskare shekaru, yana iya ɓamɓaro shi ya kai shi cikin siraran hanyoyin bawul ya toshe su. Na uku kuma, wanda ba a cika faɗa ba, yawancinmu ba ma tuna man giya sai ranar da motar ta fara fizga ko jinkirin shiga ribas. Wato giyar ta riga ta kamu kafin a kawo ta. Sabon man ya tarar da mara lafiya ne, aka ɗora masa laifin mutuwar. A ƙara da na huɗu: sau da yawa man da aka zuba ba nata ba ne, ko an zuba shi ya yi yawa ko ya gaza.

Ma'anar wannan ita ce sabon mai na daidai ba ya kashe giya mai lafiya, komai yawan kilomitarta. Haka kuma ba ya tayar da wadda ta riga ta cinye. Aikin mai mota shi ne ya gane a wane ɓangare tasa take kafin a kwance noti ko ɗaya.

Yadda ake karanta man

A motar da ke da sandar awo, a zaro ta a goga a kan farar takarda ko farin ƙyalle, a duba a rana, a kuma sansana. Sabon man otomatik yawanci ja ne garau, amma jan rini ne aka sa masa don a bambanta shi da baƙin mai. Wasu mayukan ruwan zuma ne, wasu kore. Idan man ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa, ba ya warin ƙuna, kuma motar tana shiga giya lami lafiya, to tsufa kawai ya yi, a juye shi ba tare da fargaba ba. Launi shi kaɗai ba hukunci ba ne, domin wasu mayukan zamani suna duhu da wuri alhali da sauran ƙarfinsu.

Idan man ya yi baƙi, yana warin abin da ya ƙone, ana jin gari-gari tsakanin yatsu, sannan motar tana zamewa, wato inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, to juye ba magani ba ne. A nan ne maganar bakanike na biyu take da gaskiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai irin wannan mota ya fara tanadin kuɗin buɗe giya ko sauya ta, ya rage lodi, ya guji doguwar tafiya, musamman ta dare. Hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyukan wannan yanki a 'yan shekarun nan, kuma lalacewar mota a daji bayan magariba ta daina zama asarar kuɗi kaɗai.

Akwai yanayi na tsakiya, wanda shi ya fi yawa: man ya yi duhu sosai, akwai ɗan wari, motar tana ɗan jinkiri da safe ko ɗan bugu idan za ta canza giya, amma ba ta zamewa. A nan ana juyewa, sai dai a hankali, kuma mai motar ya san cewa yana ɗaukar ɗan kasada. Kafin a yanke hukunci yana da kyau a sa mata kwamfuta, domin wasu matsalolin da ake ɗora wa mai daga na'urar awon gudu suke, ko daga bawul mai aiki da lantarki, ko ma daga injin kansa.

Idan kuwa man ya koma kamar madarar da aka zuba wa jan rini, ruwa ya shiga. Wannan ba ya jiran gobe, za mu dawo kansa.

A giyar da ke da kwano a ƙasa, buɗe kwanon yana ba da labari fiye da sandar awo. A cikinsa akwai maganaɗisu da ke kama garin ƙarfe. Laushin baƙin gari kamar kwalli a jikinsa ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake iya ɗauka da yatsa, ko guntayen faiba, alama ce ta cewa ɓarna ta yi nisa.

Juye kaɗan-kaɗan, ko wanki da na'ura?

Idan aka kwance notin ƙasa, ba duk man ke fita ba. Abin da ke zuba yana tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabi. Sauran yana maƙale a cikin tukunyar nan mai fikafikai da bututun sanyaya. A Accord ko Camry mai silinda huɗu, lita uku zuwa uku da rabi ce ke fita daga giyar da ke ɗaukar lita shida zuwa takwas.

Wasu na ganin wannan a matsayin naƙasu. Ga tsohuwar mota alheri ne, domin sabon mai yana shiga ne a hankali, ya wanke datti sannu-sannu. Lissafin mai sauƙi ne. A ce kashi 40 cikin ɗari ke fita kowane juye. Bayan na farko saura kashi 60 na tsohon mai, bayan na biyu saura 36, bayan na uku saura kusan 22. Wato juye uku yana sabunta kusan kashi huɗu cikin biyar. A motar da ba a san tarihinta ba, ya fi kyau a bar tazarar kilomita ɗari biyar zuwa dubu tsakanin juye da juye, ana sauraron yadda take. Idan bayan na farko ta fara zamewa, a dakata. Wannan tsari yana kuma raba kuɗin gida uku, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai albashi.

Hanya ta biyu ita ce na'urar da ake haɗawa da bututun giya ta fitar da tsohon mai gaba ɗaya tana cusa sabo. A motar da aka saba yi wa hidima a kan kari, ba laifi. A tsohuwar da ba a san ranar juyenta na ƙarshe ba, ita ce hanyar da ta fi jawo abin da ake gudu, musamman idan an haɗa da sinadarin wanki. Honda da kansa yana hana yin haka a motocinsa, yana cewa a juye a cika sau uku. Abin da ya fi wannan muni shi ne wanke cikin giya da fetur ko kananzir, ko hura mata iska da kwamfureso. Fetur yana cin roba da sil, kuma abin da ya maƙale a ciki yana tsinka sabon man.

Inda akwai kwano, a sauke shi a juyen farko, a wanke shi da maganaɗisunsa, a canza matatar mai idan irin wadda ake canzawa ce, a sa sabon gaskit. A yi hattara da gam: idan aka lafta shi da yawa, ragowar tana faɗawa ciki ta toshe matata. Yawancin Honda na waɗancan shekaru ba su da kwano, matatarsu tana can ciki, sai an buɗe giya ake kai wa gare ta, saboda haka juye a kan kari ne kaɗai kariyarsu. Masu Accord mai silinda shida na farkon shekarun 2000 su ƙara kula. A 2004 kamfanin ya janye ɗaruruwan dubban motoci a Amurka saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, tana ɗaukar zafi.

Ba kowane jan mai ba ne

A shagunan kayan mota da yawa, idan ka ce a ba ka man giya na otomatik, galan ɗaya za a miƙo maka ko wace mota ka zo da ita, yawanci Dexron II ko Dexron III. Mai ne na ƙwarai ga motocin da aka yi domin sa. Amma Toyota ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000 da yawa T-IV suke sha, waɗanda suka biyo baya kuma WS, wanda ya fi tsinkewa. Honda tana da Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Hyundai da Kia da Mitsubishi na wancan zamani SP-III suke buƙata. Peugeot 406 mai otomatik, wadda giyarta AL4 ta yi ƙaurin suna a Najeriya, mai ma'aunin LT 71141 aka tsara mata, kuma wani kaso na baƙin jinin da ta yi daga man da ake ɗura mata ne. Sunan man yana rubuce a kan sandar awo a motoci da yawa, ko a littafin motar, wanda ake samu kyauta a intanet da lambar shasi.

Mafi haɗari su ne motoci masu giyar CVT, wadda ba ta da hawa-hawa sai bel na ƙarfe tsakanin wasu faifai biyu. Tana cikin Nissan da yawa, da Corolla da Accord na bayan 2013. Manta daban ne ƙwarai, kuma jan man otomatik na gama-gari yana iya kashe ta cikin ɗan lokaci. Waɗannan motoci yanzu suke shigowa kasuwar tokumbo da yawa, garejinmu kuma bai gama sanin su ba.

Awon man ma yana da ƙa'ida. A yawancin Toyota ana awo ne inji yana aiki, ya yi zafi, giya tana kan P, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. A Honda kashe inji ake yi a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Man da ya yi yawa yana kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi. Wanda ya gaza yana sa famfo ya ja iska. Dabarar da ba ta ɓata ita ce a tara abin da ya fita a cikin mazubi mai awo, a mayar da daidai shi, sannan a tabbatar.

Sababbin giyoyi da yawa ba su da sandar awo sam. Ana cika su ne har mai ya fara ɗiga ta wani noti na musamman, kuma dole a yi haka man yana wani taƙaitaccen zafi, a Toyota da yawa wajen digiri 35 zuwa 45, wanda kwamfuta ke nunawa. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida bai yi tunanin Sakkwato a watan Afrilu ba, inda motar da ke ajiye a rana tana iya haye wannan zafi tun ba a tayar da ita ba. A nan aikin na sassafe ne, motar ta kwana a gareji.

Lagireto, da wasu ɗabi'u

A yawancin motoci man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Saboda haka lafiyar giya tana rataye da lafiyar ruwan inji. Al'adar cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda maimakon ruwan sanyaya na musamman tana sa tsatsa, tsatsar kuma tana iya huda wannan bututu, ruwa ya gauraya da mai. Faiba da gam ake manna ta, ruwa kuwa yana saki gam. Wanda ya ga madarar da aka ambata a sama ya tsayar da motar nan take, a canza lagireto, a juye man sau da yawa. Ko da haka ba kullum ake ceto giyar ba. Idan aka canza lagireto da wani mai layi biyu, kamar yadda ake yawan yi a nan saboda zafi, a tabbatar sabon yana da hanyar man giya, kada a haɗe bututun biyu da juna a bar man ba wurin hucewa. Ƙaramin lagireto na daban domin man giya ba shi da tsada idan aka kwatanta da giyabos, kuma ga mai ɗaukar kaya yana da amfani.

Tun da fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haye 1,000 a ƙarshen 2024, direbobi da yawa sun koma sakin mota a firi, wasu har da kashe inji a gangare. A otomatik inji ne ke juya famfon mai. Idan aka kashe shi tayoyi suna gudu, cikin giya yana juyawa ba mai. Ribar ma babu, domin motar zamani tana yanke fetur da kanta idan aka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya. Wannan dalili ne ya sa ba a jan otomatik da igiya tafiya mai nisa. Motar da ta mutu a Lambara aka ja ta har Sakkwato tayoyin gabanta a ƙasa tana iya isa da ciwo biyu maimakon ɗaya.

Giyar hannu

Golf da Sharan da J5 na tasha yawancinsu giyar hannu ce, kuma a nan babu wani tsoro: tsohon mai ba ya riƙe komai, a juye shi ko yaushe. Kuskuren da ake yi shi ne na kauri. Ana zuba mai lamba 90 ko 140, na akusul ɗin babbar mota, da tunanin cewa kauri ƙarfi ne, alhali Peugeot na zamanin 406 lamba 75W-80 take so, Volkswagen kuma yawanci 75W-90. A duba kuma ko GL-4 aka rubuta ko GL-5, domin sinadaran GL-5 suna iya cin zoben tagulla da ke daidaita shigar giya a akwatin da ba a yi domin sa ba. Tsofaffin kanikawan da suka koyi aiki a kan Peugeot 504, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika ƙasar nan da ita, sun saba zuba baƙin mai na inji a giya, kuma a waccan motar daidai ne, haka aka ƙera ta. A Golf ba haka ba ne.

Wa ke tsaron galan?

Duk wannan bayani ya dogara ga abu ɗaya: cewa abin da ke cikin galan shi ne abin da aka rubuta a jikinsa. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, kuma tsadar na ainihi tana ƙara masa kasuwa. Ana tattara tsofaffin galan a sake cika su da mai mara sinadari da aka rina. Hukumar SON, wadda aka kafa tun 1971, ita ke da alhakin ingancin kaya. Hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta samar ita ke ba masu haɗa mai lasisi. Hukumar FCCPC kuma, bisa dokar 2018, ita ke karɓar koken mai saye. Ana jin labarin kame daga lokaci zuwa lokaci, yawanci a manyan birane. Mai mota a Shagari ko Boɗinga ba ya ganin ɗayansu a shagon da yake saye, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa 'yan majalisar yankin: sau nawa aka ɗauki samfurin mai daga kasuwannin Sakkwato aka gwada, kuma ina sakamakon?

Kafin a samu amsa, mai mota ya sayi man da kansa daga dillalin da aka sani, ya duba hatimin murfi, ya karɓi rasit, ya tsaya a buɗe galan a gabansa. Farashin da ya yi ƙasa da na kowa alama ce, araha ba ta ado. Bayan an gama ya huda galan ɗin ko ya tafi da shi gida, don kada ya dawo kasuwa cike da wani abu. Tsohon man kuma a tara shi a mazubi a ba masu saye, kada a zubar a ƙasa kusa da rijiya ko fadama.

Bayan juye, a tuƙa motar kilomita goma zuwa ashirin, a bi da ita ta kowace giya har ribas, a dawo a sake awo, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Sannan a rubuta kwanan wata da lambar agogo da sunan man a ƙaramin littafi, a ajiye shi tare da takardun motar.